Ƙarfen da Baba Ya Kafa

Tun ranar da Ciyaman ya ji labarin tafiyar, Malama ta san ta yi kuskuren buɗe baki. Abin da ta faɗa kaɗan ne, tana wanke kofuna, ta ba shi baya. Cewa ta yi Baba yana son a kai shi kabarin mahaifiyarta kafin idonsa ya ƙarasa rufewa, kuma tana neman aron mota mai ƙarfi. Ba ta ce ya raka su ba. Amma mijinta mutum ne wanda ko jana'iza ya je sai ya duba inda haske ya fi kyau kafin ya tsaya.

"A hamada?" ya ce, har da ajiye waya. "Can ciki? Ai kin samo mana aiki."

"Ku su wa?"

"Ƙungiya mana."

Ƙungiyar ta masu kishin muhalli ce, kuma shi ne shugabanta tun ranar da ya ƙirƙiro ta a falonsu, daga nan ne ma sunan Ciyaman ya bi shi. Membobinta ba su cika benci ɗaya ba. Aikinsu shi ne su sa korayen riguna masu tambari da safar hannu, su je inda shara take, su tsinci abin da zai cika buhu, a ɗauki hoto, su dawo gidan Malama su ci su bar mata kwanuka. A gida kuwa, ɓawon lemo a hannun kujera Ciyaman yake barinsa har ya bushe ya nannaɗe. Zaman aure ya koya mata cewa gardama da shi ɓata yawu ne, sai ta koma ga abin da ta fi iyawa. Ta dube shi ta saman tabarau, irin duban da take yi wa ɗalibar da ta kwafi amsa har da sunan mai amsar, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Baba direban babbar mota ne a zamaninsa, cikin waɗanda ke ratsa hamada da kaya a ƙasa, fasinja a sama. A wata tafiya ya ɗauko matarsa zai kai ta ganin danginta a wancan ƙetaren, da Malama a goye, ko yaye ba a yi mata ba. Zazzaɓi ya kama matar a hanya, sifirin motar kuma, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, ya karye a wani fili da babu ko inuwar kara. Kafin su gama gyara rai ya yi halinsa. Fasinjoji suka taya shi aka yi mata sutura. A irin wannan wuri ba a sa dutse alama, don yashi binne shi yake yi, itace kuwa babu. Direbobin hanyar, abin da ya karye a motarsu shi suke kafawa. Baba ya kafa fallen sifirin da ya karye a wajen kanta, ya ɗauki 'yarsa ya hau mota. Duk sanda ya bi hanyar bayan nan sai ya tsaya, har aka shimfiɗa kwalta ta wani gefen, tsohuwar hanya ta mutu, shi ma ƙarfinsa ya ƙare.

Zancen ƙarfen nan Malama ba ta taɓa yi wa mijinta ba. Ya san an binne surukarsa a hamada, iyakar saninsa ke nan. Ta san halin kayanta. In ya ji, zai durƙusa gaban ƙarfen ya matso hawaye, abokinsa Mai Hoto ya ɗauka, a sa kiɗa mai ban tausayi a watsa wa duniya. Uwarta ba ta bar ko hoto ɗaya ba, ba ta da komai a bayan ƙasa sai wannan ƙarfe, kuma ba za a mayar da shi kayan talla ba. Ta ƙudurta in sun isa za ta tura shi wani gefen ya tsinci gwangwani, ita da Baba su yi abin da ya kai su.

Da ranar ta zo, sauran 'yan ƙungiya duk suka sami uzuri, wannan matarsa ba lafiya, wancan an kira shi ofis. Sai Ciyaman da Mai Hoto a cikin a-kori-kura, sun loda buhuna da shebur da igiyar jan mota da wani dogon ƙyalle mai rubutu. Malama ta bi bayansu a motar da ta aro wajen wata abokiyar aikinta, ita ke tuƙi, Baba na gefenta. Shi ya koya mata tuƙi tun tana budurwa, kuma har yau in ta sa giya da garaje sai ya yi ɗan tsaki ko da barci yake yi.

Kwalta ta ƙare suka hau burji. Burji ya ƙare a wani ƙauye inda suka kwana, suka cika jarkoki da mai da ruwa. Daga nan abin da ake kira hanya sawun taya ne kawai, wani wuri ya fito, wani wuri ya ɓace. Gargadar ta yi ta kaɗa su har haƙoran Malama suna haɗuwa, murfin akwatin gaban mota ya buɗe da kansa ya zubo takardun mai motar a cinyar Baba. Suka bi ta cikin wani busasshen rafi mai duwatsu masu kaifi, suka fito kan tsakuwa baƙa, suka sake gangarawa cikin yashi mai laushi. Babu gida, babu dabba, sai wata tsohuwar taya jefi-jefi a bakin hanya.

Baba ba ya ganin komai sai haske da duhu, amma jikinsa ya ɗauki hanyar. "Nan ne muke tsayawa mu rage iskar taya," ya ce. Can kuma, "Nan wani abokina ya taɓa kifar da gishiri." Muryarsa ta sake, har da 'yar dariya. Rabon Malama da ta ji shi haka tun kafin yanar ido ta fara rufe masa gani.

A-kori-kura ta kafe a yashi kamar yadda ta zata. Ciyaman ya fito ya gyara hula, ya riƙe shebur ya sunkuya, Mai Hoto ya ce ya ɗan juyo da fuska. Malama ce ta zare tabarmin motarta ta cusa ƙarƙashin tayoyin, ta tone gabansu da hannu. Da motar ta fita Ciyaman ya ɗaga wa kyamara babban yatsa. Ta kakkaɓe zaninta ta koma mota.

Wajen hantsi jikin tsufa ya nuna kansa. Baba ya yi amai, bayansa ya riƙe, ya ce a ɗan tsaya. Suka sami inuwar wani dutse mai leɓe, ta shimfiɗa masa tabarma, ta jiƙa ƙyalle ta sa masa a goshi. Ciyaman ya yi ta kai da komo yana duban sama.

"Hasken zai lalace fa," ya ce ƙasa-ƙasa. "In rana ta take tsaka hoto ba ya kyau."

Baba ya ji shi. Mutum ne mai kunyar suruki, ba ya son a ce shi ya tsayar da kowa. "Ku yi gaba, Malam," ya ce. "Ku bi sawun nan kada ku sake shi. Za ku ga baƙaƙen duwatsu biyu a jere, da fili a gabansu. Ku jira mu a nan." Ya juya ya rufe ido.

Ciyaman ya biyo ta har bayan mota inda take zuba ruwa a buta.

"Kabarin fa," ya ce, "yaya zan gane shi? Kada mu je mu taka."

Tambaya ce ta hankali, wataƙila ta farko da ya yi tun da suka baro gida. Amma Mai Hoto na tsaye a bayansa da kyamara rataye a wuya, kunnensa a buɗe, kuma Malama ta riga ta hango fuskar mijinta a jikin ƙarfen nan da hawayen aro.

"Ba ruwanka da kabari," ta ce. "Kai dai je ka yi shararka."

Ya ɗaga kafaɗa, suka ja mota. Daɗi ta ji da ƙurarsu ta ɓace. Ta zauna kusa da Baba tana yi masa fifita da murfin kwali, ya yi barci mai nauyi. Da ya farka suka yi azahar, ya ci dabino, sannan ya sa ta ɗauko masa jakarsa. Ya cire rigar da ya yi amai a ciki ya sa fara mai guga, ya canza hula, ya shafa turare a wuya da hannu. Ta kau da kai ta yi kamar tana duba taya, don idonta ya kawo ruwa.

Rana ta karkata lokacin da duwatsun suka bayyana, baƙaƙe, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. A gabansu fili ne shimfiɗaɗɗe na farin yashi, iyakar ganin ido.

"Kin gan su?" Baba ya ce. Ya dafa gaban mota ya miƙe zaune.

"Na gan su, Baba."

"Sa su a hannun damanki, ki dubi gabanki. Za ki ga ƙarfe a tsaye, ya kai gwiwa ko ya ɗan fi. Da akwai gwangwanaye da tsofaffin tayoyi a warwatse, nan ne masaukinmu. Amma ƙarfe a tsaye shi kaɗai ne."

Ta sa duwatsun a dama ta duba. Filin fes yake. Babu gwangwani, babu taya, babu abin da ya ɗago daga ƙasa ko da tsawon yatsa. Sai sawun mota da ya yi ta zagaye yana gicciye kansa ta ko'ina. Can gefe a-kori-kura na tsaye, bayanta ya yi tozo da tarkace, an ɗaura mata ƙyallen ƙungiya a jiki. Ciyaman na ɗago musu hannu biyu.

"Baba, zauna ka sha ruwa," ta ce. "Bari in duba inda za mu bi da ƙafa."

Tun kafin ta ƙarasa ta gan shi. Yana saman tarkacen, a kan wata ruɓaɓɓiyar taya, dogo mai ɗan lanƙwasa, gefe ɗaya a karye, ɗaya gefen a naɗe kamar zobe. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma tun tana yarinya take jin labarinsa.

"Kin ga aiki?" Ciyaman ya ce. Gumi ya jiƙa koriyar rigarsa, yau kam da gaske ya yi aikin. "Wuri kamar ba a taɓa taka shi ba. Kabarin dai ba mu gani ba, na duba ko'ina babu tudu babu dutse. Wannan ƙarfen shi ya fi ba mu wuya. Ƙememe ya ƙi fita, sai da muka ɗaura igiya muka ja da mota."

"A ina kuka ciro shi?"

Ya miƙa hannu ya share rabin duniya da shi. "Can wajen."

"A'a, ta nan ne," in ji Mai Hoto, yana nuna wani gefen daban.

"Kun ɗauka a kyamara?"

Mai Hoto ya yi murna an nemi aikinsa, ya matso ya kunna mata. Fuskar Ciyaman ce ta cika gilashin, yana bayani a kan yadda ɗan Adam ke ɓata ƙasa. Bayansa sama ce fara. Sai igiya ta miƙe, sai ga shi ya ɗaga ƙarfen sama da hannu biyu yana haki, aka matso da fuskar har ana ganin ramukan hancinsa. Ko gefen dutse ɗaya bai shiga ba.

Ta bar su ta shiga filin. Ta bi wannan sawu ya kai ta ga wancan, wancan ya dawo da ita inda ta fara. Ta durƙusa duk inda ta ga yashi ya ɗan lotsa ta tona da hannu. Busasshen yashi ba ya riƙe rami, ana zare abu yake rufewa, ga shi kuma mota ta bi ta kai ta sake bi. Ta yi ta yawo har ƙafarta ta yi zafi a cikin takalmi. Uwarta na nan a wani wuri ƙarƙashin wannan fili, wataƙila ma ta taka ta ta wuce.

Da ta dawo Ciyaman ya riga ya gane. Fuskarsa ta faɗa, ya cire safar hannun ya riƙe.

"Shi ne alamar?" ya ce.

Ta kakkaɓe yashin da ke hannunta.

"Ai na tambaye ki. A bayan mota na tambaye ki."

Ta ɗago za ta dube shi ta saman tabarau, abin ya ƙi. Ta mayar da ido kan tarkacen.

Ya matso ya rage murya. "Ji mana. Baba ba ya gani. Mu mayar da shi mu kafa a wuri mai kyau, ki kawo shi ya yi addu'arsa. Addu'a ai tana isa ko daga ina. In kika gaya masa yanzu, a nan, da wannan jikin nasa, me kika ƙara masa?"

A duk zamansu ba ta taɓa jin magana mai arha irin wannan daga bakinsa ba, kuma ta ji da yawa. Dabara ce irin tasa sak, a gyara wurin da ido zai gani a bar sauran. Ta buɗe baki za ta gaya masa haka, sai ta waiwaya. Baba ya buɗe ƙofar mota ya sauko da ƙafafunsa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, farar rigarsa na ɗaukar ido. Yana gyara zaman hularsa yana jira.

"Ka sa duwatsun a dama ka kafa shi," ta ce wa mijinta. "Kuma ka ce wa wancan ya rufe kyamararsa."

Ciyaman ya ɗauki ƙarfen ya yi nisa kaɗan. Ya soka gefen da ya karye a yashi, don shi ne mai tsini, ya kwance ƙyallen ƙungiya ya ninka a kan zoben don kada a ji ƙara, ya yi ta bugu da bayan shebur. Malama ta lura cewa yau ce rana ta farko da ƙyallen nan ya yi wani amfani. Ya tattaka gindin da ƙafa, ya share sawunsa da tafin hannu, ya ja da baya ya harɗe hannuwa ya sunkuyar da kai.

Ta je ta kamo hannun Baba. Suka taho a hankali, sandarsa na nutsewa a yashi.

"Kin gan shi?" ya ce.

"Na gan shi."

"Yana nan tsaye?"

"Yana nan, Baba. Saura kaɗan. Ga shi nan gabanka."

Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai shiga ɗakin da ake barci. Ya ba ta sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa hannu yana lalube har ya taɓa ƙarfen. Ya shafa shi daga tsakiya ya yi sama. Da yatsunsa suka kai kan zoben sai suka tsaya. Ya zagaya shi da babban yatsa, ya sa yatsa a cikin ramin, yashi ya zubo. Ya ɗan girgiza ƙarfen, ƙarfen ya yi lilo.

Mai Hoto ya yi gyaran murya.

"Uwata," Baba ya ce. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Na'am, Baba."

"Zoben nan a ƙasa na sa shi. Rami na haƙa har iya hannuna, na sa zoben a ƙasa na danne da duwatsu, don kada iska ko wani ya zare shi."

Ciyaman ya zube a gefensa. "Baba, ni ne. Wallahi ban sani ba, shara muke..."

"Na ji motarku tana ta zagaye a raina tun kafin mu iso," Baba ya ce, bai juya ba. "Tashi, Malam. Kai ba ka sani ba." Ya ɗago fuska wajen da yake jin numfashin 'yarsa. "An san wurin?"

"Na duba, Baba. Na duba ko'ina."

"An san wurin?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa ƙarfen zai tashi, ƙarfen ya karkata, sai ta tare shi ta ɗaga shi. Ya karɓi sandarsa ya zare hannunsa daga nata, a hankali, ba da fushi ba. Ya juya ya fuskanci filin gaba ɗaya, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana ɗan juyawa dama da hagu don bai san inda zai tsayar da fuskarsa ba. Malama ta tsaya a bayansa da hannu a sama, ba ta iya haɗa kalma biyu ba. Kunya ce ta cika ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Da ya shafa ya ce, "A ciro shi a sa a motarmu. Kada wani ya zo ya tsaya a kan yashi yana zaton mutum ne."

Ciyaman ya zare shi da hannu ɗaya, ba igiya ba mota.

Suka kama hanyar komawa da sauran rana. Ƙarfen na kwance tsakanin kujerunsu, duk gargadar da suka hau sai ya yi ƙara, Baba ya ɗora tafinsa a kai ya danne. Sun yi nisa, duwatsun sun ɓace a madubi, kafin ya yi magana.

"Mijinki ya tambaye ki a bayan mota, na ji," ya ce. "Wannan tsakaninku ne. Amma ni da hannunki kika riƙe ni, kina ce mini ga shi nan, Baba."

Ta sa giya da garaje, motar ta yi kuka. Ta jira tsakinsa, bai yi ba.